Yadda Za a Rage Leda da Roba Wajen Sayen Abinci da Adana Shi

Duk wanda ya taɓa dawowa daga cefane ya zazzage kayansa ya san abin da ke biyo baya: kafin a ɗora tukunya, an riga an tara ledoji bakwai ko takwas a gefe, waɗanda aikinsu bai wuce na rabin sa'a ba, daga hannun mai sayarwa zuwa ƙofar kicin. Ledar cefane irin wadda muka saba da ita ba ta daɗe a duniya ba, domin wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Sten Gustaf Thulin ne ya tsara ta, kamfanin Celloplast kuma ya yi mata rajista a 1965. Amma cikin wannan ɗan lokaci roba ta mamaye harkar abinci baki ɗaya. Alƙaluman OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, sun nuna cewa a 2019 duniya ta sarrafa tan miliyan 460 na roba, ninki biyu na abin da aka sarrafa a 2000, kuma kashi 9 cikin 100 ne kawai na sharar robar aka sake sarrafawa, yayin da kusan kashi 40 na sharar ya fito daga kayan ƙunshi da naɗi. Wannan kashi 9 shi ne ya sa na daina dogaro da cewa wani zai kwashe robar da na zubar ya mayar da ita wani abu mai amfani. Inda mutum yake da iko na gaske shi ne wurin saye da wurin ajiya, kuma a nan wannan jagora zai tsaya, bisa sharaɗi ɗaya da ba na sassautawa: kada a rage leda ta hanyar da za ta sa abinci ya lalace.

Mataki na farko: a ƙirga kafin a canza komai

A samu kwali ko buhu guda, a riƙa jefa duk wata leda da roba da ta shigo gida tare da abinci har tsawon mako ɗaya, bayan an ɗauraye wadda ta taɓa maiƙo ko jini don kada ta yi wari. A ƙarshen mako a baje su a ƙasa, a kasa su kashi-kashi: ledojin ɗauko kaya, ledojin da masana'anta ta rufe abinci da su, gorunan ruwa da na lemo, mazuban dafaffen abinci, sai ledar naɗe ragowar abinci. Kusan kowane gida zai tarar cewa kashi biyu ko uku ne suka fi tsayi, kuma sau da yawa ba su ne waɗanda ake zato ba. Da na yi wannan ƙirga, na ɗauka ledar cefane ce za ta yi rinjaye, sai na tarar ƙananan fakitin kayan shayi da na kayan ƙamshi, waɗanda ake yagawa a zubar ba tare da an lura ba, sun fi komai yawa. A fara da kashin da ya fi tsayi, a bar sauran tukuna, domin wanda ya ce zai gyara komai rana ɗaya yakan gaji kafin wata ya ƙare.

Mataki na biyu: a haɗa kayan cefane daga abin da ke gida

Abin da ake bukata bai da yawa: babbar jaka mai ƙarfi ko kwando, ƙananan jakunkunan yadi huɗu ko biyar masu zariya, kwalabe biyu ko uku masu faɗin baki, da kwano guda mai murfi mai kamawa. Tsohuwar rigar matashin kai ko zanen gado da ya fara tsufa, in an yanka an ɗinke, ya isa ya ba da jakunkunan da za su yi shekaru. Kwalaben da aka sayo zuma ko man gyaɗa a cikinsu, in an jiƙa su a ruwan ɗumi takardar jikinsu ta fita, sun zama mazubai ba tare da an kashe ko sisi ba.

Akwai dalilin da ya sa nake matsa wa kan amfani da abin da ake da shi. A 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila ta fitar da wani nazari da ya auna hayaƙin da ake fitarwa wajen ƙera jakunkuna iri-iri, ta gano cewa sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta fi ledar da aka yi amfani da ita sau ɗaya sauƙi ga yanayi, jakar takarda kuwa sau 3. Noman auduga yana cin ruwa da taki, saƙa da rini kuma suna cin makamashi. Saboda haka wanda ya tara sababbin jakunkunan yadi goma a rataye bai taimaki kowa ba, amma wanda ya riƙe guda ɗaya yana zuwa kasuwa da ita sau uku a mako zai haye wannan adadi cikin ƙasa da shekara. Babbar matsalar jaka dai ita ce mantuwa. Maganinta kuwa shi ne, da zarar an juye kaya, a mayar da ita inda hannu zai taɓa ta lokacin fita, kamar jikin ƙofa ko kusa da makullai, sannan a naɗe wata ƙarama a bar ta cikin aljihu ko jakar hannu saboda sayayyar da ba a shirya ba.

Mataki na uku: a wurin saye

Hannun mai sayarwa ya saba, kuma yana kai wa ga leda tun kafin a gama ciniki. Don haka sai a riga shi, a miƙa jaka ko kwano tun da farko, a ce cikin sakin fuska, "Ga mazubi na zo da shi, a zuba mini a nan." Idan aka bari ya riga ya ƙulle kaya a leda sannan aka ce a juye, yawanci ledar nan shara za ta tafi, an yi aikin banza. Mafi yawan masu sayarwa ba sa ƙi, tunda su ma da kuɗinsu suke sayen ledar, kuma bayan zuwa biyu ko uku su da kansu za su riƙa tambayar ina jakar take.

Inda ake awo da sikeli, a ɗora mazubin babu komai a ciki a fara auna shi, ko a mayar da sikelin kan sifili, don kada a biya kuɗin nauyin kwalba. Yana da kyau a rubuta nauyin kowace kwalba a ƙasanta da alƙalamin da ba ya gogewa, yadda ba za a riƙa maimaita awon ba kullum.

Busassun kaya su ne wurin da aka fi samun nasara: shinkafa, wake, gari, sukari, gishiri, ganyen shayi da kayan ƙamshi. A saye su a awo cikin jakar yadi, in kuma babu mai sayarwa a awo, a ɗauki babban ƙunshi guda maimakon ƙanana da yawa, domin buhu ɗaya mai kilo biyar bai kai ƙananan fakiti goma masu rabin kilo cin leda ba. Sai dai a auna da cin gida. Shinkafa fara da sukari da gishiri suna jure dogon zama, amma garin alkama wanda ba a cire dusarsa ba, da gyaɗa, da niƙaƙƙen kayan ƙamshi, suna da mai a jikinsu wanda yakan canja ɗanɗano cikin 'yan watanni. Wanda bukatarsa kaɗan ce zai iya haɗa kuɗi da maƙwabci ko ɗan'uwa a sayi babban buhu a raba.

Kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kuwa yawancinsu Allah ya halicce su da rigarsu. Ayaba, lemo, albasa, dankali da kabewa ba sa bukatar komai sai jaka. A 2022 ƙungiyar WRAP ta Birtaniya, mai aikin rage shara da ɓarnar abinci, ta gwada tuffa, ayaba, dankali, kokwamba da burokoli, ta tarar naɗin leda bai ƙara musu wani kwana na a-zo-a-gani ba, abin da ya fi tasiri shi ne sanyin wurin ajiya da kuma barin mutum ya sayi daidai bukatarsa. Faransa ma a Janairun 2022 ta taɓa hana naɗe kayan marmari da na lambu kusan iri 30 da leda idan nauyinsu bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Wajen loda jaka, masu nauyi a ƙasa, tumatir da ganye a sama, abin da ke saurin farfashewa kuma a sa shi cikin kwano.

Ɗanyen nama da kifi da kaza su ne inda nake roƙon a yi hattara, domin ruwan da ke tsatsafowa daga jikinsu yana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da Campylobacter. Kada a sa su a jakar yadi ko kusa da abin da za a ci ɗanye. A keɓe musu kwanon silba ko na gilashi mai murfi mai kamawa, wanda ba ya yin wani aiki sai wannan, a wanke shi da ruwan zafi da sabulu da zarar an juye. Ranar da aka manta kwanon, a karɓi ledar, ba laifi, gara leda ɗaya da ciwon ciki a gida. Haka kuma kada a maye gurbin leda da tsohuwar jarida wajen naɗe abinci mai maiƙo ko mai zafi, saboda tawadar bugu tana narkewa ta shiga abincin.

Mataki na huɗu: abin sha da dafaffen abinci

Gorar ƙarfe ko ta gilashi guda ɗaya tana maye gurbin ɗaruruwan gorunan roba a shekara, muddin akwai ruwa mai tsabta da za a cika ta da shi. Inda ba a amince da ruwan famfo ko na rijiya ba, a tace shi sannan a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, in kuma dole sai an saya, babbar gorar da ake mayarwa a sake cikawa ta fi ƙanana nesa ba kusa ba. A farkon 2024 masu bincike na Jami'ar Columbia a Amurka sun ƙirga kimanin ɓurɓushin roba 240,000 a cikin lita ɗaya ta ruwan gora, mafi yawansu ƙanana ne ƙwarai da ido ba ya gani. Masana na ci gaba da nazarin abin da wannan ɓurɓushi yake yi a jikin ɗan Adam, amma rage shi abu ne mai sauƙi, musamman ta hanyar hana gorar roba kwana a rana ko cikin mota mai zafi.

Akwai robar da ke ɓuya. Kofin takarda na shayi an shafe cikinsa da siririyar leda don kada ya jiƙe, kwalin madara da na lemo haɗin takarda ne da leda da alminiyam, gwangwanaye da yawa kuma an lulluɓe cikinsu da wani shafi na roba. Wasu jakunkunan shayi ma da zaren roba aka saƙa su, kuma a 2019 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun nuna cewa guda ɗaya irin wannan, in an tsoma ta a ruwa mai zafin digiri 95, tana sakin ɓurɓushi kimanin biliyan 11.6. Ganyen shayi na awo da ƙaramar rariya ta ƙarfe sun kawar da wannan gaba ɗaya. Idan za a sayo dafaffen abinci, a tafi da kwano daga gida, domin zuba miya mai zafi da maiƙo cikin leda ko cikin farar robar nan mai kama da soso shi ne mafi munin haɗuwar abinci da roba.

Mataki na biyar: ajiyar busassun kaya

Abokan gabar hatsi da gari uku ne: danshi, ƙwari da ɓera. Leda ba ta tare ko ɗaya daga cikinsu yadda ya kamata, tunda ƙwaro yana huda ta, ɓera kuma ba ya ko jin ta a haƙori. Kwalba, gwangwani mai murfi ko kwanon silba sun fi ta ta kowace fuska, amma sai an kiyaye abu biyu. Na farko, mazubin ya bushe ƙarau kafin a zuba komai, a kife shi a rana ko a bar shi ya kwana a buɗe bayan wanki. Na biyu, hatsin kansa ya zama busasshe, domin idan danshinsa ya haura kashi 13 zuwa 14 cikin 100, rufe shi ruf zai jawo fumfuna, kuma wata fumfunar da ke kama masara da gyaɗa tana haifar da gubar afulatoksin mai lahanta hanta. Akwai gwaji mai sauƙi: a zuba hatsin cikin busasshiyar kwalba, a ƙara cokali biyu na busasshen gishiri, a rufe a girgiza na minti ɗaya, a ajiye kwata na sa'a. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin yana bukatar ƙarin shanya.

Wake ko shinkafar da ake zargin ta zo da ƙwan ƙwari, a sa ta a firiza kwana huɗu, a fito da ita a bar ta ta huce a rufe kafin a buɗe, don kada raɓa ta sauka a kanta. Inda babu firiza, a cika mazubin har baki a rufe shi sosai, saboda ƙwarin da suka rasa iska mutuwa suke yi. A rubuta ranar saye a jikin kowane mazubi, kuma kada a zuba sabo a kan tsoho, a ƙarar da na ƙasa, a wanke, sannan a sake cikawa.

Mataki na shida: ɗanyun kaya, firiji da firiza

A nan ne sharaɗin da na gindaya tun farko ya fi nauyi. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito. Ruwa da taki da gumin da aka zuba kafin kilo ɗaya na nama ya iso kicin sun ninka abin da aka kashe wajen yin ledar da ta naɗe shi, don haka dole kowane abu ya samu ajiyar da ta dace da shi.

Ganye irin su alayyafo da latas danshi suke so ba tare da jiƙa ba: a cire ruɓaɓɓun, a naɗe sauran a tsumma mai tsabta da aka jiƙa aka matse, a sa a firiji. Ganyen ƙamshi masu kara a tsayar da su cikin kofin ruwa kamar furanni. Karas, a yanke ganyen kansa domin shi ke tsotse masa ruwa, sannan a nutsar da shi cikin kwalbar ruwa da ake canjawa bayan kwana biyu. Albasa da tafarnuwa suna son iska da bushewa, kwando ya ishe su. Dankalin turawa yana son duhu, saboda haske yana mayar da shi kore, koren nan kuma alamar guba ce mai suna solanin, sannan a raba shi da albasa don suna gaggauta lalacewar juna. Tuffa, ayaba da tumatir suna fitar da iskar etilin wadda ke nunar da duk abin da ke kusa da su, saboda haka a nisanta su da ganye, sai fa in ana so wani ɗanyen abu ya nuna da wuri. Biredi kuma jakar yadi ko kwano mai murfi ya fi masa, firiji yana busar da shi. Wanda ba shi da firiji, a wuri mai busasshiyar iska, zai iya sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi mai laima, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. Ruwan da ke tashi daga yashin yana janye zafi, kayan lambu su ƙara kwanaki.

Ragowar dafaffen abinci ba ya bukatar siririyar ledar nan mai mannewa. A juye shi a kwano a kifa faranti a kai, ko a sa a kwalba, rabin albasa ko rabin lemo kuma a kifa shi a kan ƙaramin faranti. A shigar da abinci firiji cikin sa'a biyu da saukewa, cikin sa'a ɗaya in ana tsananin zafi, firijin kuma kada ya haura digiri 5. A cinye cikin kwana uku zuwa huɗu, ban da dafaffiyar shinkafa wadda ta fi kyau a ci washegari. Masu son abin naɗi za su iya yin nasu: a baza kankararren kakin zuma a kan yadin auduga, a sa takardar da ake shimfiɗawa wajen gasa biredi sama da ƙasa, a bi da dutsen guga har kakin ya ratsa yadin. Ɗumin hannu ya isa ya lanƙwasa shi a bakin kwano. Da ruwan sanyi ake wanke shi domin zafi yana narkar da kakin, kuma saboda haka ne bai dace da ɗanyen nama ba.

Ana iya daskarar da abinci a kwalba, amma ruwa yana kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100 idan ya zama ƙanƙara. Na taɓa cika kwalba mai ƙuntataccen wuya da romo har baki na rufe ta tam, da safe na tarar ta tsage daga wuya zuwa gindi, romon ya tsaya a daskare da siffar kwalbar, kuma dole na zubar da shi duka saboda tsoron ɓaraguzan gilashi. Tun daga ranar nake zaɓar kwalba mai miƙaƙƙen jiki da faɗin baki, ina barin tazarar yatsu biyu a sama, ina bari abincin ya huce sarai, kuma ba na ɗaure murfin sai ya gama daskarewa. Wajen narkarwa, a sauko da ita cikin firiji ta kwana, kada a tsoma ta a ruwan zafi. Yankakken nama ko 'ya'yan itace, a jera su a tire su daskare ɗaya-ɗaya, sannan a juye cikin kwanon silba, yadda za a riƙa ɗibar daidai bukata.

Mataki na bakwai: robar da ke gida da wadda ta ƙi kaucewa

Kada a kwashe mazuban roba masu kyau a zubar don a sayi na gilashi, wannan ƙara shara ne. A duba ƙasansu, akwai lamba daga 1 zuwa 7 cikin alama mai kusurwa uku, tsarin da aka fara a 1988 don nuna irin robar, kuma ganin alamar ba ya nufin lallai za a sake sarrafa ta. Masu lamba 2, 4 da 5 su ne suka fi dacewa da ajiyar abinci mai sanyi ko busasshe. Lamba 1 ita ce ta gorunan ruwa da lemo, ba a yi ta don zafi ko dogon amfani ba. Lamba 3 da 6 a nisanta su da abinci mai zafi da mai maiƙo. A cikin lamba 7 akwai wata roba mai tauri da ake yi da sinadarin BPA, wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi a bulumbotin jarirai tun 2011. Ko wace lamba ce, zafi da maiƙo da tsami da tsufa su ne ke sa sinadarai su taso daga roba su shiga abinci, don haka a ɗumama abinci a tukunya ko a kwanon tangaran, kuma duk mazubin da ya kakkarce, ya yi gajimare ko ya riƙe wari, a sauya masa aiki zuwa ajiyar ƙusoshi, maɓallai ko shuka.

Ledar da ta shigo duk da ƙoƙarin da aka yi, a wanke mai kaurin a shanya a sake amfani da ita, ban da wadda ta taɓa ɗanyen nama. Kada a ƙona ta, ko a tsakar gida ko wajen hura wuta, domin hayaƙinta yana ɗauke da guba, kuma robar lamba 3 tana fitar da wata muguwar guba mai suna dayoksin idan ta ƙone. Kada kuma a sake ta iska ta ɗauka, saboda dabbobi suna haɗiye ta ta cushe musu tumbi, a magudanan ruwa kuma tana toshe hanya, abin da ya sa Bangaladesh ta zama ƙasa ta farko da ta hana siraran ledoji a 2002 bayan ambaliyar da ta sha fama da ita. A tattara ƙananan ledoji cikin guda ɗaya a ƙulle bakinta kafin a kai shara. Gorunan lamba 1 da na lamba 2 su ne masu sake sarrafawa suka fi karɓa, sai a ɗauraye su, a matse, a ware su daban. Bayan wata guda a sake ɗauko kwalin nan na mako ɗaya a maimaita ƙirgar, kashin da ya fi tsayi a wannan karon shi ne aikin wata mai zuwa.